Tarin fuka ba ya tsayawa a shingen Maigatari

Duk ɗan Najeriyar da ke neman bizar zama a Birtaniya fiye da wata shida, karatu ne zai kai shi ko aiki ko aure, sai ya fara tsayawa gaban na'urar ɗaukar hoton ƙirji. Ba kowane asibiti ake zuwa ba, sai wanda gwamnatin Birtaniya ta amince da shi. A Najeriya, Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya, wato IOM, na cikin masu wannan aiki a cibiyoyinta, irin na Abuja da Legas. Ɗalibin da ya fito daga Gumel zai biya kuɗin mota, ya biya masauki, ya biya kuɗin gwajin daga aljihunsa. Idan hoton ya fita fes, a miƙa masa takarda mai aiki na wata shida. Idan likita ya hangi wata inuwa a huhu, a karɓi kakinsa safiya uku, a shuka a ɗakin gwaji, ya zauna jiran sakamakon da kan kai mako takwas, ko da kuwa an buɗe makarantar da ta ɗauke shi.

Ga mutane da yawa cikin masu ilimin zamani, wannan ita ce rana ɗaya tak a rayuwarsu da wani ya duba ko suna da tarin fuka. Ba abin mamaki ba ne da suka fito daga ɗakin da fahimtar cewa cutar lamari ce ta shige da fice: ana tare ta a bakin ƙofa, a buga wa mai lafiya hatimi, a mayar da marar lafiya inda ya fito. Daga nan taki ɗaya ne zuwa tambayar da kan taso duk lokacin da annoba ta ɓulla a arewacin Jigawa. Idan Turawa na tace 'yan Najeriya kafin su shiga ƙasarsu, me zai hana Najeriya ta tace masu shigo mata ta Maigatari? Tambayar tana da kamar hankali, har da ƙanshin kishin ƙasa. Amma duk wanda ya bi ta zai bar jaki ya koma dukan taiki, kuma talakan masarautar Gumel ne zai biya kuɗin kuskuren.

A fara ba Birtaniya haƙƙinta. A Ingila, masu kamuwa da tarin fuka a shekara ba su kai 10 cikin kowane mutum 100,000 ba, kuma wajen kashi huɗu cikin biyar nasu an haife su ne a wata ƙasa. Ƙasar da ke cikin wannan hali, wadda teku ya kewaye, kuma masu zuwa zama cikinta daga Afirka da Asiya sai da biza, tana da dalilin duba ƙirjinsu. Da can a filayen jirgin sama na Heathrow da Gatwick ake ɗaukar hoton bayan an sauka. A 2012 gwamnati ta sanar da mayar da gwajin ƙasashen da matafiya ke fitowa, inda cutar ta kai 40 cikin 100,000, aka rufe na filayen jirgi a 2014. Dabarar ta rage musu kashe kuɗi, domin yanzu mai neman biza ne ke biya, kuma wanda aka samu da cutar asibitin ƙasarsa ne zai yi jinyarsa. Ba su suka fara ba: tun 1907 dokar shige da fice ta Amurka ta ambaci tarin fuka da suna cikin abubuwan da ke hana baƙo shiga.

To, me gwajin ke kamawa? Masana ƙarƙashin jagorancin Robert Aldridge sun bi diddigin wannan tsari, suka wallafa sakamakonsu a 2016. Cikin masu neman biza kusan rabin miliyan da aka gwada, waɗanda aka tabbatar da ƙwayar cutar a kakinsu ba su kai mutum ɗaya cikin dubu ba. Da suka bi mutum 519,955 da suka tsallake gwajin suka shiga, sai suka ga abu biyu. Haɗarin da suke jawo wa jama'ar da suka tarar bai taka kara ya karya ba. Amma su kansu suna ci gaba da kwantawa da cutar shekaru bayan isarsu, fiye da 'yan ƙasa nesa ba kusa ba.

Dalilin yana cikin halin ƙwayar da Robert Koch ya bayyana wa duniya ranar 24 ga Maris, 1882. Ƙwaya ce mai haƙuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wajen kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa shaƙarta. A jikin mafi yawansu tana kwance shiru, ba tari, ba zazzaɓi, ba sa sa wa kowa, kuma hoton ƙirji ba ya ganinta. Biyar zuwa goma cikin ɗari ne za ta tashi a jikinsu wata rana, galibi idan yunwa ko ciwon suga ko ƙanjamau ko tsufa suka karya garkuwar jiki. Saboda haka takardar biza shaida ce kawai cewa a ranar da aka ɗauki hoton ba a ga ciwo mai aiki a huhu ba. Ta sha bamban da katin rigakafin shawara da ake nunawa a filin jirgi, wanda allura ɗaya ke tsaya masa har ƙarshen rayuwa. Ingilar kanta ta gane haka, shi ya sa tun 2015 take kiran sababbin zuwa 'yan shekara 16 zuwa 35 daga ƙasashen da cutar ta yi yawa, ta gwada jininsu don gano ƙwayar da ke kwance, ta ba su magani kyauta. Jinyar tarin fuka a can kyauta ce ga kowa, har wanda ba shi da takardar zama. Masu sha'awar kwaikwayon Turawa sun ga ƙofar, ba su ga asibitin da ke bayanta ba.

Yanzu a ɗauki ma'aunin Birtaniya a kai shi Maigatari, a ga wanda zai kama. Hujjar tace baƙi tana tsayawa ne idan ƙasar da ake shiga tana da ƙarancin cutar, wadda ake fitowa kuma tana da yawanta. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarun nan ya sa Najeriya a kan mutum 219 cikin 100,000, kusan rabin miliyan ke nan a shekara, wanda ya sa ta zama ta ɗaya a Afirka wajen yawan masu cutar. Na Jamhuriyar Nijar bai kai 100 cikin 100,000 ba. Ƙiyasi ƙiyasi ne, ana iya jayayya a kan daidaitonsa, amma ratar ta fi ƙarfin kuskuren lissafi. Idan har za a kafa na'ura a bakin iyaka bisa hujjar Landan, to mutanen Dungas da Magarya ne ke da hurumin kafa ta, su juya fuskarta kudu. Wanda ke kiran a tace 'yan Nijar don kare Jigawa daga tarin fuka ya nuna bai duba alƙaluman gidansu ba.

Ko da alƙaluman sun ba da hujja, ƙasar kanta ba za ta ba da ba. Ƙananan hukumomi huɗu ne suka haɗa masarautar Gumel: Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar. Fadar masarautar ta taɓa zama a Tumbi, garin da yau ke cikin Nijar, kafin ta dawo Gumel a ƙarni na 19. Layin da Ingila da Faransa suka ja ya ratsa gonaki da burtali da dangi. Akwai mai kwana a Najeriya ya yi noma a Nijar, akwai amaryar da aka ɗauko daga wancan ɓangare, akwai almajiri da ɗan cirani da makiyayi. Ranar Alhamis kuwa, kasuwar Maigatari na cika da shanu da raƙuma da tumaki da awaki daga Damagaram da gaba da ita, dillalai da fatake na lodin manyan motoci zuwa kudu. Waɗannan mutane ba masu ƙaura ba ne irin wanda dokar Birtaniya ke nufi, mai tafiya sau ɗaya ya zauna. Mutum ɗaya zai iya tsallaka iyakar sau hamsin a shekara. Sau nawa za a ɗauki hoton ƙirjinsa? Wa zai tsare masa shanu mako takwas yana jiran sakamakon kaki?

An riga an gwada ƙarfin shingen, har sau biyu. A Agustan 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ba sai Disambar 2020, Maigatari na cikin mashigai huɗu na farko da aka buɗe. Bayan juyin mulkin Yamai na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa har Maris na 2024. Kasuwa ta yi sanyi, farashi ya tashi, talaka ya ji a jikinsa. Amma kowa a yankin ya san babura ba su daina bin hanyoyin daji ba. Iyakar ƙasashen biyu ta kai wajen kilomita 1,500, mafi yawanta fili ne fetal. Abin da sojoji da jami'an kwastan ba su iya hanawa ba saboda buhun shinkafa, ma'aikacin lafiya mai farar riga ba zai hana shi saboda tari ba.

Abin da shingen lafiya zai iya yi shi ne koya wa mai tari ya ɓuya. A nan ne ra'ayin ya tashi daga rashin amfani ya koma cutarwa. Tarin fuka ya riga ya zo da kunyarsa a ƙasar Hausa. Ana ware wa mai shi kwano da moɗa, alhali cutar ta iska take bi, ba ta kwano ba. Ana danganta ta da sammu, ana ɓoye ta don kada a fasa auren 'ya. Idan aka ƙara da cewa wanda aka ji yana tari za a hana shi shiga kasuwa ko a kora shi gida, to bafataken da ya fi kowa buƙatar gwaji shi ne zai fara kauce wa babbar hanya. Ma'aikatan da ke zuwa ƙasashen Larabawa na Tekun Fasha sun san wannan darasi: a wasunsu, tabon tsohon tarin da ya warke sarai ya isa a ce mutum bai cancanci izinin aiki ba. Inda warkewa ba ta wanke mutum, ba wanda zai kai kansa. Mai tarin da ba a yi wa magani ba yana iya sa wa mutum 5 zuwa 15 a shekara, kuma kusan rabin irinsa mutuwa suke yi. Wanda ya fara shan maganin da ya dace kuwa, cikin 'yan makonni haɗarinsa ga jama'a ya ragu ƙwarai. Magani ne katangar da ke aiki.

Mutanen masarautar Gumel sun ga yadda cuta ke ɗaukar iyaka. A ƙarshen 2022 sanƙarau ya ɓarke a jihar Damagaram, ya fi tsanani a Dungas. Kafin Afrilun 2023, kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda ake zaton sun kamu a duk Najeriya 'yan Jigawa ne, Maigatari da Sule Tankarkar na kan gaba. Abin da ya ci Doma bai bar Awai ba. Mai son shinge zai ce ga hujjarsa nan. Sai dai abin da aka fuskanci annobar da shi allurar rigakafi ce da jinya, a ɓangarorin biyu. Haka aka yi da shan inna: ma'aikata sun tsaya a tashoshin mota da kasuwanni da mashigan iyaka suna ɗiga wa yara magani ba tare da tambayar ɗan wace ƙasa ba ne, har aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar daji ta cutar a Agustan 2020. Su ma a bakin iyaka suka tsaya, amma abu suke bayarwa, ba hanya suke tarewa ba, shi ya sa iyaye suka miƙo 'ya'yansu.

Matsalar Najeriya ta gaskiya tana cikin gida. Binciken ƙasa na 2012 ya gano cewa cikin kowane baligi 100,000 akwai 524 da ke ɗauke da cutar a huhu, adadin da ya tilasta sake lissafin ƙasar gaba ɗaya, kuma maza sun ninka mata. Shekaru da dama bayan nan, mutum ɗaya cikin huɗu kawai ake ganowa. A 2019 wajen 120,000 aka yi wa rajista. A 2023 adadin ya haura 360,000, ci gaban da ya kamata a yaba wa Shirin Yaƙi da Tarin Fuka da Kuturta na Ƙasa da ma'aikatansa a kai. Duk da haka, fiye da mutum 100,000 sun rage a waccan shekara suna tari a ɗakuna da masallatai da motocin haya, ba wanda ya san da su. Ba ta Maigatari suka shigo ba. Suna nan a ƙauyukan Gagarawa da unguwannin Kano, suna sayen maganin tari a kemis wata bayan wata. Gwaji da magani kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, amma kuɗin mota da abinci da ranakun da aka rasa na nema ba kyauta ba ne: binciken 2017 ya nuna wajen gida bakwai cikin goma da cutar ta shiga sun kashe abin da ya durƙusa tattalin gidan.

Akwai dai wata matsala da iyakar ke haifarwa da gaske, kuma ba a cika jin masu kiran shinge sun ambace ta ba. Maganin tarin fuka wata shida ake sha ba fashi: wata biyu na farko magunguna huɗu a haɗe, wata huɗu na baya guda biyu. Cikin 'yan makonni marar lafiya zai ji sauƙi, tari ya lafa, cin abinci ya dawo. A daidai lokacin ne ɗan ciranin da ya fara magani a Gumel zai ga hadari ya haɗo, ya tuna gonarsa a ƙetaren iyaka. Makiyayin da ya fara a Magarya zai bi dabbobinsa kudu. Sunansa na cikin rajistar wata ƙasa, jikinsa na wata. A littafin asibiti za a rubuta cewa ya ɓace, shi ke nan. Irin wannan yankewa tana cikin hanyoyin da ke haifar da tarin da ba ya jin magani, wanda jinyarsa ta fi tsada da wahala, ko da yake tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sabon haɗi na wata shida. Hoton ƙirji a bakin shinge ba zai taɓa wannan matsala ba ko kaɗan.

Wani abin ban dariya, mai tsallaka iyakar da ya fi cancantar a duba shi ba ya riƙe fasfo. Shanu na da nasu tarin fuka, ƙwayarsa 'yar'uwar ta mutane ce, tana shiga jikin ɗan'adam ta madarar da ba a tafasa ba, tana kuma barazana ga mahauta da makiyaya. Ɗaya daga cikin magunguna huɗun nan ba ya kashe ta. Garin da ke da ɗaya daga cikin manyan kasuwannin dabbobi na arewa ya fi buƙatar likitan dabbobi mai kayan aiki a kara da mayanka, da mai koya wa masu tallan nono tafasa madara, a kan jami'in da zai tsare matafiya.

To a gwada mutane a Maigatari? Ƙwarai kuwa, ranar Alhamis ma, a tsakiyar kasuwa. Wuri ne da maza majiya ƙarfi ke taruwa dubbai, su ne kuma waɗanda cutar ta fi kamawa, su ne ba sa zuwa asibiti sai an ɗauke su ranga-ranga. Kayan aikin sun samu. Akwai na'urar hoton ƙirji da ake goyawa a baya, tun 2021 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda manhajar kwamfuta ta karanta hoton manya inda babu ƙwararren likita. Na'urar GeneXpert, wadda hukumar ta amince da ita a 2010, tana ba da sakamakon kaki cikin kimanin awa biyu, har ta faɗi ko ƙwayar na jin babban maganin. An riga an yi amfani da motoci masu ɗauke da waɗannan kaya a wasu jihohin Najeriya. Sharaɗin shi ne rumfar ta kasance ta ma'aikatar lafiya, nesa da teburin shige da fice, mutum ya zo da ƙafarsa, kada a tambaye shi katin ɗan ƙasa, wanda aka samu da cutar kuma ya bar wurin da magani a hannu. Sarkin kasuwa da sarkin fawa da shugabannin dillalai da na direbobi sun fi kowace sanarwar rediyo iya kawo mutane, in an nemi su da girmamawa ta hannun hakimi.

Sai a bi marar lafiya gida, a gwada waɗanda ke kwana ɗaki ɗaya da shi, a ba yara maganin kariya. A kuma dubi tukunyar gidan, domin rashin abinci mai gina jiki shi ne babban abin da ke tayar da cutar a duniya. Wani gwaji da aka yi a jihar Jharkhand ta Indiya, aka wallafa a 2023, ya nuna ba iyalan marar lafiya tallafin abinci ya rage sababbin kamuwa a cikinsu da wajen kashi 40 cikin ɗari. A yankin da rumbu kan ƙare kafin sabon gero ya nuna, wannan ba labarin nesa ba ne.

Za a ce ina kuɗi. Tambaya ce mai nauyi, tunda yaƙi da tarin fuka a Najeriya ya daɗe yana rataye a wuyan masu ba da agaji na waje, musamman Asusun Duniya na Global Fund da gwamnatin Amurka, kuma dakatar da tallafin USAID a farkon 2025 ya nuna raunin wannan igiya. Amma ƙarancin kuɗi hujja ce a kan masu son shinge. Kowace naira da aka kashe wajen ɗaukar hoton lafiyayyun matafiya dubu don a kama ɗaya, an cire ta ne daga wurin matar da ta yi wata uku tana tari a wani ƙauyen Sule Tankarkar, wadda ba ta taɓa tsallaka wata iyaka ba.

Za a kuma ce Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, dangantaka ta yi tsami, ba lokacin haɗin kai ba ne. Abin da ake buƙata bai kai girman taron shugabannin ƙasa ba. Jami'in tarin fuka na ƙaramar hukumar Maigatari ya san sunan takwaransa na Dungas, ya riƙe lambar wayarsa. Su zauna sau ɗaya a wata uku su gwama sunayen waɗanda suka ɓace daga rajista. Wanda zai tafi noma a ba shi maganin da zai kai shi, a sanar da cibiyar da ta fi kusa da gonarsa. Rajistar Gumel da Ingilishi ake cika ta, ta Dungas da Faransanci, alhali ma'aikatan biyu da marar lafiyar duk da Hausa suke magana. Katin da zai riƙa a aljihu, mai nuna ranar da ya fara magani da nauyinsa da watannin da suka rage masa, babu abin da ya hana a buga shi da Hausa.